Tseren Ƙarshe na Direba

Direba ya daɗe da ajiye tuƙin bas ɗin cikin gari, amma har gobe babu mai kiransa da wani suna, ko matarsa in ya kai ta bango da shi take kiransa. Shekara talatin da wani abu ya yi a bayan sitiyari a layi ɗaya, daga tsohuwar tasha zuwa bayan asibiti, ya juyo ya koma. A tashar kuwa an san shi da makara. Ba wai ba ya sammako ba ne, shi ne ma kan riga kowa wanke gilashi. Madubin gefe ne ya hana shi zaman lafiya. Da ya hango wani a madubi yana gudu yana ɗaga hannu, ko tsohuwa tana jan ƙafa da kaya a ka, shi ke nan ƙafarsa ta hau birki, na ciki su yi ta tsaki har su gaji. Sau nawa shugaban tasha ya kira shi ofis ya wanke shi tas! Sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya gode, washegari kuma a koma gidan jiya.

Da ya yi ritaya sai ya zauna a gida, tumbi ya fito, hawan jini ya biyo baya. Likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki da safe. Tattaki kawai aka ce masa. Shi kuwa da ba ya yin abu rabi, tattakin ya zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu, kafin a ankara ya shiga wata ƙungiya ta masu gudun dogon zango da ke haɗuwa a filin makaranta kowane ƙarshen mako. Gida ya cika da warin man zafi. Takalma a bakin ƙofa, riguna masu danshi a kan igiya, faratan ƙafarsa biyu suka yi baƙi suka faɗi, yana nuna wa baƙi kamar abin arziki. Matarsa ta yi faɗan har ta haƙura. Takan ce tsofai-tsofai da shi, ba gobara ba, ba kare ya biyo shi ba, ya tasa titi a gaba yana haki, mutane na tambayarta ko lafiya.

Wahalar dai a kan Auta ta ƙare, 'yarsa ta ƙarshe, don ita kaɗai ta rage a garin. A kantin magani take aiki, ita ke kawo bandejin gwiwa da maganin shafawa, ita ce kuma ke tsayuwa a rana a ƙarshen hanya duk shekarar da aka yi babban tseren gari.

Tseren nan kilomita ashirin da ɗaya ne, kuma yana da ƙa'ida. Ana rufe tituna na ɗan lokaci. Wanda ya shiga ƙofar ƙarshe kafin lokacin ya cika, a rataya masa lambar ƙarfe a wuya. In ya cika a kwance ƙofa, a buɗe titi, wata bas ta biyo baya tana kwashe waɗanda suka rage. Direba ya shiga shekara bayan shekara, ko sau ɗaya bai taɓa samun lambar ba. Kuma ba ƙafa ya rasa ba, 'yan ƙungiyarsu sun rantse da zai yi gudunsa shi kaɗai da ya shiga da sauran lokaci. Lodi yake yi. Ya ga wani yana amai ya tsaya, ya ga wata takalmi ya yanke ta ya tsaya, ya ga wani ƙato ya zauna a bakin kwata ya ce ba zai ƙara taku ba, ya tsuguna yana lallashinsa. Sai an naɗe tabarmi an kwashe kujeru, Auta ta ƙone a rana, sannan ya ɓullo da ayarinsa a baya, wannan na ɗingishi, wancan na jan numfashi, shi yana gaba yana cewa saura kaɗan. Wata shekarar ma a bas ɗin kwasa ya iso, yana zaune kusa da direban yana koya masa inda ake sauya giya.

Da a ce bai damu da lambar ba, da Auta ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ta yi zamanta a gida. Abin da ke cin ranta shi ne yana so. Ta taɓa ganinsa ya karɓi ta wani abokinsa yana jujjuya ta, yana auna nauyinta a tafin hannu, har ya ce bari ya gwada ya ga ko igiyar za ta shiga kansa. Ya rataya, ya yi dariya, ya cire da sauri. Tun daga ranar haushinsa ya ƙaru a zuciyarta, don ba ta san yadda za ta yi da tausayin ba.

Ana nan sai gwiwar hagu ta fara kumburi. Auta ta kai shi asibiti, likita ya duba hoto ya ce gwiwa ta cinye, sai aiki, bayan aikin kuma gudu sai dai ya kalla a talabijin. Direba ya yi ta roƙo har likitan ya ce to, na bana kawai, daga shi a rufe babin. A hanyar gida Auta ta yanke hukunci ba tare da ta shawarci kowa ba: bana sai ya shiga ƙofar nan, ko da jan sa za ta yi. Ta je ta rubuta sunanta ita ma, za ta yi gudun a gefensa, ta ga wanda zai tsayar mata da uba.

Haka aka shiga atisaye. Kullum da sassafe tana kan keke, yana ƙasa, bakinta bai hutawa. Ya miƙe baya, ya rage taku, ya daina gaisawa da masu share titi. Ranar farko ma ba su yi nisa ba ta waiga ta nemi mutum ta rasa, ashe yana can baya yana taya wani tura mota. Wata rana akuya ce ta maƙale a shingen waya. Auta ta jingine keken ta riƙe ƙugu, ta ce yanzu fisabilillahi har akuya ta shiga cikin fasinja? Ya ce ai kuka take yi. A ranar, da suka koma gida, ta zaunar da shi a gaban mahaifiyarta, ta sa ya yi alkawari da bakinsa: ranar tsere ba zai tsaya wa kowa ba, ko wane ne, akwai ma'aikatan agaji da aka ajiye don haka. Ya yi ta kwana-kwana, ya ce in Allah ya yarda, ta ce ba wannan ta tambaya ba. Daga ƙarshe dai ya faɗa, yana kallon ƙasa.

'Yan ƙungiyar sun sha gaya mata ta sauko daga keken nan. Wata malamar makaranta da ta girme ta nesa ba kusa ba ta ja ta gefe, ta ce titi bai san yarinya ba, bai san tsoho ba, wanda ya saba da shi kawai ya sani. Auta ta yi godiya, a ranta kuwa ta ce a daina ɗaga mata hankali. Ita da ke wuni a tsaye a kanti, gudun tsoho mai gwiwa ɗaya ne zai gagare ta? Ta dai zaga filin makarantar wasu 'yan lokuta, ta ga ba komai.

Ranar tsere gari ya cika, kowa da takarda a ƙirji, ana ta tsalle-tsalle ana miƙa. Aka busa, aka tashi. Abin mamaki, Direba ya riƙe alkawari. A teburin ruwa ya ɗauki kofi yana tafe, bai tsaya yi wa masu rabon sannu da aiki ba. Kafin gada suka iske wani saurayi a zaune ya riƙe ciki. Auta ta ga kan mahaifinta ya fara juyawa, ta ga takunsa ya ragu.

"Baba, gaba," ta ce.

Ya mayar da kai. Suka wuce. Can gaba wata mata ce ta rungume sandar fitila tana numfashi da ƙyar, nan ma ya wuce, sai dai fuskarsa ta canza kamar wanda ya taka wa wani ƙafa bai ba da haƙuri ba. Auta ta ji daɗi ƙwarai. Ta duba agogo, suna da sauran lokaci.

Sun ɗan wuce rabin hanya cinyoyinta suka fara nauyi. Ta yi shiru, don girman kai. Numfashinta ya fara fita da ƙara, tsohon kuwa yana nan da takunsa ɗaya, ɗingishinsa ɗaya, ko gezau. Ya tambaye ta ko su rage, ta ce ya kula da kansa. Ta ci gaba da jan jiki, tana jin haushin titin, da ranar, da malamar nan da bakinta. Ana saura kaɗan a shiga titin ƙarshe jijiyar bayan ƙwaurinta ta dama ta ɗaure tamau. Ta taka ta hagu, ita ma ta kama. Sai ga Auta a ƙasa a gefen titi, tana riƙe da ƙafa, hawaye na zuba ba da izininta ba.

Direba ya tsaya, ya fara ƙoƙarin tsugunawa. Ta dubi agogo, ta dubi baya, can nesa ga bas ɗin kwasa tana tafe a hankali da fitilunta a kunne. In ya tafi yanzu zai shiga. In ya tsaya murza ƙafa, an gama.

"Tashi ka tafi."

"Haba Auta."

"Ka yi alkawari a gaban Umma. Ko wane ne, haka ka ce. Wallahi in ka tsaya ba zan yafe wa kaina ba, kai ma ba zan yafe maka ba. Ka tafi, Baba."

Ya tsaya yana kallonta. Sai ya miƙe, ya gyara bandejin gwiwa, ya juya. Ta bi shi da ido yana ɗingishi yana ƙara nisa, tana jira ya waiwayo ta ɗaga masa hannu ta ce ya ci gaba. Har ya kai gidan man da ke kan kwana, ya sha kwanar, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Abin da ta yi wata da watanni tana nema ke nan, amma sai ta ji wani baƙin ciki ya kama ta. Mutumin da ya tsaya wa akuya!

Ma'aikatan agaji biyu suka ɗaga ta suka sa a bas. A ciki ga saurayin nan mai ciwon ciki, ga matar sandar fitila. Matar ta matsa mata, ta miƙo ruwa, ta ce sannu, ba ke ce ke tare da tsohon nan ba? Auta ta ce ita ce, ta juya fuska wajen taga. Bas ɗin ta yi ta rarrafe tana tsayawa tana ɗauka, Auta ba ta taɓa sanin hanya na da tsawo haka ba.

Da suka iso an riga an kwance ƙofa. Malamar makaranta ce ta fara tarar ta da murna, ta ce babanta ya shiga, ya shiga ana shirin kwance ƙofar, mutane suna ta tafi. Ba ta ce mata komai game da keke ba, wannan ma ya ƙara wa Auta haushi. Ta ɗingisa har inda yake. Yana zaune a dakalin wani kanti, ƙafar hagu a miƙe, lambar a wuyansa, ko taɓa ta bai yi ba. Ta yi niyyar yi masa barka, ta shirya maganar tun a mota. Da ta buɗe baki wani abu ne daban ya fito.

"Wai da gaske ka tafi ka bar ni a titi?"

"Ke kika ce."

"Na ce. Amma tun yaushe ka fara jin maganata? Ko waiwaye ba ka yi ba."

Ya matsa mata wuri ta zauna. Ya ɗauki ƙafarta ya ɗora a kan gwiwarsa mai lafiya, ya fara murza mata jijiyar da babban yatsa, yana yi a hankali. Don ta kawar da zancen, ta ce to ya ba ta labari, yaya ƙofar take, yaya ya ji da ya shiga.



"Ban gan ta ba," ya ce. "Na daure ne har na sha kwana don kar ki gani. Daga nan har ƙarshe baya nake kallo, ko za ki ɓullo. Sai ji na yi wani ya riƙe ni yana sa mini igiya a wuya."

Ya ci gaba da murza mata ƙafar, ya ce ta miƙe yatsun sama.