Na taɓa lamba ɗaya a aikin Yaya Bilkisu

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Ko ina da tambaya, sai in fasa yi.

Jiya a gidanmu na unguwar Hor Al Anz, Yaya Bilkisu tana aikin jami'a a kwamfuta, da manhajar lissafi ta Excel: kwantena ɗaya, katan nawa na turare da na takalma za a loda don riba ta fi yawa. Ina bayanta ina leƙe, sai bakina ya suɓuce.

"Yaya, in aka rage takalman fa?"

"Au, ashe kina magana? Yalla, zo ki canza da kanki."

Na canza lamba ɗaya. Nan take duk na ƙasa suka sauya.

"Wayyo, na ɓata miki!"

"Ba abin da kika ɓata, habibti. Tambaya kika yi, Excel ya ba ki amsa."

Kuma bai yi mini dariya ba.

Ranar Juma'a kowa zai tafi yawo garin Hatta, kwamfutar za ta zauna ba mai taɓawa. Na riga na ce wa Mama ni zan tsare gida. Ina da tambayoyi da yawa.

Ku fa, a ina kuka koyi yin tambaya?