Kasafin Bana Babu Malam Lawal

Ina kasuwar Zango ina awon gyaɗa aka bugo mini waya cewa Allah ya yi wa Malam Lawal rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar buhuna a kan sikeli na hau mashin, amma kafin in isa Daura har an kai shi makwancinsa.

Malam Lawal shi ne akantan kamfaninmu na matsar man gyaɗa, ni kuma nake sayo wa kamfanin gyaɗa daga ƙauyuka. Duk shekara kafin kaka shi yake tsara kasafin kuɗin kamfanin gaba ɗaya. Ba ya rufe ƙofa ya rubuta shi kaɗai. Sai ya bi masu inji, da direbobi, da matan da ke tsince gyaɗa, har maigadi, ya ji abin da aikin kowa zai ci. Yakan ce, "Wanda ba a tambaye shi ba, ba zai tsare kuɗin ba."

Akwai shekarar da Alhaji, mai kamfanin, ya so ya sayi sabon inji da kuɗin da aka ware domin albashi. A taron da aka yi kan maganar duk muka yi shiru, har da ni da na ga yadda ruwa ya ɗauke wa gonaki tun da wuri. Malam Lawal kaɗai ya buɗe baki. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Inji zai iya jiranmu. Iyalan mutanen nan ba za su iya ba."

Alhaji ya fasa, amma ya daɗe yana amsa gaisuwarsa da ƙyar. Mu ma muka ja jiki. Ina ganin Malam Lawal da rana yana cin abinci shi kaɗai a gindin darbejiya, ban taɓa zuwa na zauna kusa da shi ba. Gyaɗa ta yi tsada a shekarar, aiki ya tsaya watanni, amma ba a sallami ko mutum ɗaya ba. Bai taɓa goranta wa kowa ba. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri.

Bayan sadakar bakwai Alhaji ya miƙa mini makullin ofishin marigayin, ya ce in haɗa kasafin bana. Kwana uku ke nan ina zaune a kujerarsa. Idan lissafi ya ƙi mini sai in ɗaga kai zan yi tambaya, in ga babu kowa.

Allah ya jiƙan Malam Lawal, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa. Allah ya ba matarsa Hajiya Binta da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ya tsaya musu kamar yadda Malam Lawal ya tsaya wa iyalanmu. Mu kuma Allah ya yafe mana shirunmu, ya sa mu cika da imani. Amin.