Malam Mas'udu Rawayya da Mayen Zurfin Teku

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Mas'udu a shekarar 1961 a Rawayya ta ƙasar Bungudu, mahaifinsa Malam Ummaru maƙeri, mahaifiyarsa kuwa Inna Lantana. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kammala firamare, ya koyi walda a Gusau, kana a 1984 wani kamfani a Fatakwal ya ɗauke shi, ya horar da shi nutso domin gyaran bututu a ƙarƙashin teku.

Jarrabawar 1989

A watan Maris na 1989, yana aiki a zurfin mita arba'in da takwas, wani nishaɗi marar dalili ya lulluɓe shi, ya yar da kayan aiki, ya kama cire bututun numfashinsa, har sai da abokin nutsonsa Abdulaziz ya riƙe shi ya hauro da shi sannu a hankali. Shugaban aikin ya tuhume shi da shan barasa, aka dakatar da shi.

"Wallahi ban taɓa ɗanɗana ta ba," in ji shi a gaban kwamitin bincike, "amma na yarda na bugu."

Likitan kwamitin ya tabbatar da cewa iskar naitirojin da ɗan nutso ke shaƙa takan gusar da hankali idan an yi zurfi, ta sake shi idan ya hauro. Aka wanke shi, ya nemi a tura shi ƙaro ilimi a kan wannan lalura, wadda ya raɗa wa suna mayen zurfi, kuma daga 1992 ya zama mai kula da lafiyar 'yan nutso.

Aure da Komawa Gida

Ya auri Malama Shafa'atu 'yar Tsafe a 1987. Da ya yi ritaya a 2011 ya zauna Gusau, yana koyar da masu ceto a madatsun ruwa kyauta. Ƙa'idarsa ita ce kada a sauka sai mutum biyu, kowa na lura da idon ɗan'uwansa. Yakan ce musu: "Idan kun ji daɗi ya yi yawa a ƙasa, ku hauro." Cikin mutum sittin da ya horar, babu wanda ruwa ya ci.

Rasuwa

Allah Ya karɓi rayuwarsa ranar 9 ga Yuni, 2023, bayan gajeriyar jinya. Aka yi jana'izarsa a Rawayya, ɗalibansa ne suka ɗauki makara. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Zakari, Amina, Ikhlas da Anas, wanda ya ci gaba da koyarwar. Allah Ya jiƙansa da rahama.