Tukunyar da Ta Fito daga Rufin Ɗakina

Duk unguwar Aboabo babu wanda ya kai ni sanin yadda ake cin moriyar mataccen kaya. Tsohon firijinmu yau ma'ajiyar takalma ce, tayar babur kuwa kaji na shan ruwa a cikinta. Shi ya sa ranar da faifan solarmu ya daina ba da wuta, bayan shekaru yana shan rana a kan kwano, ban nemi shawarar kowa ba. Na hau, na ƙwanƙwasa shi, na sanar da rasuwarsa, na sauko da shi tsakar gida.

Nan ya kwanta wata guda, kowa na tuntuɓe da shi. Na ce ya zama tebur, kwanon miya ya zame ya kife. Na ce a shanya kuɓewa a kai, akuya ta hau ta yi rawa. Sai maiɗakina ta tsaya a kaina.

"Alhaji, sunan jikarka ranar Juma'a ne. Ko wannan gilashin ya bar gidan nan, ko kai ka shimfiɗa wa baƙi tabarma a kansa."

Na ɗora shi a babur mai ƙafa uku, na zaga gari har sai da fitilun hanya suka gane ni. Masu sayen tsohon ƙarfe suka ce ba sa auna gilashi. Wani manomi a Gbalahi ya ce zai tsorata masa zabi. A ƙarshe wani maƙerin tukwane ya ce alminiyon da ke gefen kawai yake so. Ya sa guduma ya ɓamɓare, gilashin ya tsattsage kamar busasshen tabki, kuma ya ce in tafi da abina, na kwaso tarkacen na jibge a bayan ɗaki. Ran Alhamis ya miƙo mini tukunya sabuwa fil da ya ƙera da alminiyon.

Ranar suna na riƙa ɗaga ta ina nuna wa jama'a. Da magariba aka ɗauke wuta, ga baƙi cike da gida. Surukina mai gyaran lantarki ya haska waya, ya leƙa akwatin baturi, ya ɗan taɓa wayoyi, sannan ya zaga bayan ɗaki ya dubi tarkacen gilashin.

"Baba," in ji shi, "baturin ne fa ya mutu. Shi faifan da ransa kuka kai shi aka yanka."