Ruwan Zoɓo a Bututun Karafan

Mahaifina ya ƙirƙiro wata dabara da ta kusa kashe shi. Duk ranar da za a fita da shi, asibiti ne ko ɗaurin aure, tun jajibiri yake daina shan ruwa. Zai karɓi kofin da fara'a, ya jiƙa leɓe, ya tura shi bayan kujera. Tsufa da ciwon suga sun sa fitsari ba ya jiran izininsa, shi kuwa mutum ne da ɗigo guda a wando ya isa ya hana shi sukuni wuni guda. Likita ta gaya mana ƙarara cewa ƙodarsa ba za ta jure wannan wasan ba. Da na maimaita masa, sai ya samo magani mafi sauƙi: ya daina fita gaba ɗaya.

Gidanmu a unguwar Kudai yake, cikin Makka. Baba yana ƙasa, ni da maigidana da yara muna sama. Ni ce 'yar farinsa, saboda haka tunda na zo duniya bai taɓa kiran sunana ba. Kakanninmu sun baro ƙasar Kano da ƙafa tun ba a haifi Baba ba, 'ya'yana kuma in na yi musu Hausa, da Larabci suke amsa mini, amma wannan kunya ta ɗan fari ba ta ragu da ko ƙwayar gero ba. In yana son wani abu a wurina, bango yake gaya wa. "A faɗa wa mutanen sama gas ya ƙare," ina tsaye a gabansa. Ina yarinya abin yana ci mini rai. Da na girma na saba, har ni ma nakan amsa wa bangon.

Da sanyi ya shigo a shekarar, sai na fara jin yana gaya wa bangon wani abu dabam. "Yanzu iska ta yi daɗi a Arfa." In ba lokacin Hajji ba, filin fayau yake, mutanen Makka kan ɗebi darduma da shayi su je gefensa su zauna bayan la'asar. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana aikin tsafta a can da Mina duk shekara, kuma can yake kai mu shan iska muna yara. Bai ce a kai shi ba. Ni dai na ji, na kuma ɗaura aniya.

Maigidana ne ya samo motar a kasuwar tsofaffin motoci. Karafan ake ce mata a nan: mota ce mai ɗaki a ciki, da gado, da wurin girki, da ɗan banɗaki. Tsohuwa ce ƙirar Amurka, fentinta ya koɗe, tana tafiya tana nishi. Ni banɗakin kawai na gani. Muka shigo da ita tsakar gida da ƙyar, na share, na turara, na ajiye sabuwar buta, sannan na aika a kira Baba.

Ya hau a hankali, ya leƙa banɗakin, ya danna abin sakin ruwa da sandarsa. Ya daɗe yana kallon ramin. Sai ya juya ga maigidana.

"Ina yake zuwa?"

"Tanki ne a ƙasan motar, Baba."

"Ɗayyib, to. In ya cika, wa ke kwashewa?"

Bakina da ba ya jira ya riga kowa. Na ce ai ba komai ba ne, bokiti zan tara in buɗe, in kai shadda in juye. Baba bai dube ni ba. Ya sauka, ya kama hanyar ɗakinsa, sai da ya kai ƙofa ya ce wa bango, "Na kwashe na alhazan duniya don kada 'ya'yana su taɓa irinsa. Ba za a ɗauki nawa a bokiti ba. Halas."

Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi da kuma bakina. Na san in ya ce halas, an rufe maganar ke nan. Hanya ɗaya ta rage: ƙazantar ta tashi daga tankin ta faɗa shaddar gida ba tare da hannu ya taɓa ta ba, ba tare da ido ya gan ta ba, kuma Baba ya shaida hakan da kansa.

Na durƙusa na duba ƙasan motar. A gefen hagu akwai bakin bututu baƙi, faɗinsa inci uku, da wasu 'yan kunnuwa a kewayensa, an rufe shi da murfi da ake murɗawa ya maƙale a kunnuwan. A bayansa akwai mariƙin da ake ja ruwan ya taho. A akwatin kayan motar na sami tiyo mai lanƙwasa, na yi murna, na kafa. Ashe na wata motar ne dabam. Bakinsa ya fi ƙanƙanta, haƙoran murɗawa gare shi irin na murfin kwalba, ba ruwansa da kunnuwa. Bakin shaddar gidanmu kuma bututu ne fari mai inci huɗu. Baki uku, kowanne da inda ya nufa.

Maigidana ya duba a waya ya ce akwai ainihin kan tiyon da ya dace da bututun, amma daga waje za a turo shi, kuma ba a san ranar zuwansa ba. Ya sa aka turo. Ni kuwa na san sanyin Makka baƙo ne mai gajen zama, ga Baba kullum ƙara ramewa yake a ɗaki. Na ce ba zan zauna jiran jirgi ba.

Na cire murfin na jefa a jaka, na bi shagunan kayan famfo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya juya shi ya miƙo mini. Wani Bahaushe mai shago, mutumin Damagaram, ya fi kowa haƙuri da ni. Ya zazzage kwalaye, ya gwada wannan ya gwada wancan.

"Wallahi ma fi, Hajiya, babu irinsa a nan. Ki kira sabbaki mana, aikin maza ne wannan."

"Mai gyaran famfon ma wurinka zai zo, ka ce masa ma fi. Ba ni abin da kake da shi."

Ya yi dariya ya haɗo mini guntun bututu, da gam, da wata roba mai kauri mai baki biyu, ɗaya inci uku ɗaya huɗu, da zobban ƙarfe da ake ɗaurewa da sukuddireba. Wannan robar ta warware mini rabin matsala, wato wajen shadda. Wajen motar ne ya gagara.

Gwajin farko, gaggawa ce ta ja ni. Na cusa bakin tiyon a cikin na motar, na naɗe da tsumma, na bi da salatif har ya yi kauri kamar kan mai rauni. Na cika tankin da ruwan famfo zalla, na ja mariƙin. Ko numfashi ban sauke ba abin ya fincike, ruwa ya watso mini daga ƙirji har ƙafa. Maigidana yana daga bene yana riƙe ciki.

"Injiniya, a kawo sabulu?"

Sai na hango labulen tagar Baba ya motsa. Ya gani. Ya ga ruwan nan a jikina, kuma na san abin da ya hango a madadinsa. Da yamma da na sauko da abincinsa, ko bangon bai yi wa magana ba. Wannan shirun ya fi dariyar maigidana yi mini ciwo nesa ba kusa ba.

Washegari ina wanke-wanke, murfin yana kan taga inda na yar da shi, sai na tsaya ina kallonsa. Duk garin nan, shi kaɗai ne abin da ya san kunnuwan bututun. Yana da maƙalai daidai su, yana da robarsa a ciki mai hana yoyo. Laifinsa ɗaya, tsakiyarsa a toshe take. In na huda tsakiyar, ya zama kan da nake nema. In kuma na ɓata shi, na rasa kai na rasa murfi.

Maigidana ya ce in bari na wajen ya iso. Na ce masa ya je ya gaya wa ƙodar Baba ta jira. Na ɗora tsohuwar wuƙa a kan gas har ta yi ja, na zana da'ira a tsakiyar murfin, na bi ta a hankali. Warin roba ya cika kicin, idona yana hawaye, na ƙona babban yatsa, ban fasa ba. Da tsakiyar ta faɗi, na goge bakin da takardar yashi har ya yi sumul. Guntun bututun da na sayo ya ɗan fi ramin faɗi, sai na gasa bakinsa sama-sama har ya yi laushi, na shafa gam, na danna shi ciki da dukkan ƙarfina, na riƙe har hannuna ya sage. Tiyon kuma na yanke masa wancan kan nasa mara amfani, na tsoma bakinsa a tafasasshen ruwa ya saki jiki, na zura shi a kan guntun bututun, na ɗaure da zoben ƙarfe. Ɗaya bakin na haɗa shi da robar mai baki biyu. Abin da ya fito ba shi da kyan gani ko kaɗan, baƙi da fari da toka, ga gam ya dalalo. Na bar shi ya kwana ya bushe.

Saura shaida. Ruwan famfo ba ya nuna kansa, in ya ɗiga a siminti kafin ka waiga rana ta shanye shi, kuma Baba ba zai yarda da "ai bai zuba ba" daga bakin kowa ba. Sai na tuna da buhun zoɓon da na ajiye tun azumi. Na dafa babbar tukunya, ja wur, na tace, na juye a banɗakin motar, na ƙara ruwa har tankin ya cika. Na shimfiɗa farin zanen gado a ƙarƙashin mahaɗar, na jawo shi har bakin shadda. Sannan na tsaya a ƙofar Baba na ce wa bango, "A faɗa wa mutanen ƙasa ana son su zo su duba wani aiki."

Ya fito. Maigidana ya ajiye masa kujera. Na murɗa kan, na ji ya ce ƙas, ya zauna daram a kunnuwan. Na yi bisimilla na ja mariƙin. Tiyon ya kumbura, ya yi motsi, muka ji ruwa yana gudu yana faɗawa shadda.

Sai ga shi. Ɗigo ɗaya ja a kan farin zanen, daidai ƙasan zoben ƙarfen. Wani ya biyo shi.

Baba ya nuna da sanda, ya fara yunƙurin tashi.

"A zauna," na ce. Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba, kuma ba bango na gaya wa ba. "Ba a gama ba."

Ya koma ya zauna, ina jin don mamaki ne. Na tura mariƙin na rufe, na kwance zoben. Ashe ya hau kan tudun wayar da ke naɗe a cikin tiyon ne, bai kwanta daidai ba. Na matsar da shi, na ƙara na biyu a bayansa, na ɗaure har sukuddireba ta fara zamewa. Zoɓon tankin ya riga ya tsiyaye, na hau na sake dafa wani, su suna zaune a inuwa suna jirana. Na ɗauko wani zanen, wanda na fi ji da shi, na shimfiɗa.

Wannan karon tankin ya juye tas. Na bi da ruwan ɗauraya, shi ma ya wuce. Baba ya miƙe, ya sa maigidana ya ɗago zanen, ya bi shi da ido daga wannan gefe zuwa wancan, ya shafa da tafin hannu, ya juya bayansa ma ya duba. Ya ninke shi da kansa ya ɗora a kan kujera.

"Motar nan," ya ce wa maigidana, "tana iya kaiwa Arfa kuwa?"

Ranar Juma'a muka tafi bayan la'asar. Tun safe nake leƙen bayan kujerarsa, na kuwa sami kofin safe a can, cike. Da muka isa, ya hana a kashe mota sai da aka juya ta yadda mai shiga banɗakin ba zai fuskanci alƙibla ba, ba zai kuma ba ta baya ba. Maigidana ya yi gaba ya yi baya har Baba ya ɗaga sanda. Muka shimfiɗa darduma. Filin shiru, iska tana kaɗa bishiyoyin darbejiya, can nesa wasu iyalai suna hura gawayi. Baba ya zauna yana nuna wa maigidana inda rumfarsu ta ma'aikata take a da.

Na zuba shayi na ajiye a gefensa, na ajiye gorar ruwa kusa da shi, na kau da kai ina gyara abin da bai lalace ba. Ina ji ya buɗe gorar. Ina jin maƙogwaronsa yana aiki, bai sauke ba sai da robar ta yi ƙara. Hawaye suka zubo mini, na bar su, tunda ba kallona yake ba.

A nan babu bango ko ɗaya. Ya waiga hagu, ya waiga dama, sai ya miƙo mini gorar hannu da hannu.

"Ke," ya ce, "ƙaro mini."