Ranar da Ruwan Shuka Ya Ɗage Mana Wasa

Ina tsaye a tsakiyar filin firamare da usur a wuya, ina danna ƙasa da ƙafa in ji ko za ta yi ƙwallo. Ni ne alƙalin wasan ƙarshe tsakanin samarin ƙauyenmu da na wani ƙauye ta wajen Ɗambatta, ga shi ruwan shuka ya sauka tun asuba.

Ƙa'idata ba ta da wuya: in ana tsawa da walƙiya, ko ruwa ya kwanta a fili, sai a ɗage. To gari ya washe, ƙasa ta shanye ruwan tas. Na ce a buga.

Sai Sabi'u, kyaftin ɗin baƙi, ya matso.

"Malam, ina golanku?"

Na ce Habu yana gona. Mahaifinsa na kwance ba lafiya, Habun kaɗai ke shukar gero kafin ƙasa ta bushe, don haka wani za a sa.

Sabi'u ya girgiza kai. "In muka ci ku yau, har mu tsufa cewa za ku yi don babu Habu ne. A samo mana sungumi."

Haka muka ɗunguma gonar su Habu da rigunan ƙwallo, wasu na sara, wasu na zuba iri, ana ta tsokanar juna. Kafin magariba an gama. Innar Habu ta dama mana fura, tana dariya tana share hawaye.

Ranar Juma'a aka buga wasan, Habu ya tare fenaretin Sabi'u. Har yanzu Sabi'u na cewa da ya sani da ya bar shi a gona.

Ashe wani ɗagewar alheri ne. Ku fa, me ya taɓa ɗage muku wasa?