Wankan Jego Ya Raba Ni da Shayar da 'Yata

Assalamu alaikum. Masu ta cigiyata tun bayan suna, ku yi haƙuri. Ko waya ban iya riƙewa ba.

Da na haifi Hafsa, na koma gidanmu a Tudun Wada wanka. Gwaggo Asabe, yayar babana, ita ta karɓi aikin. Safe da yamma tafasasshen ruwa, ganyen darbejiya, sabulun salo da soso. In na yi ƙara ta ce, "Raguwa kawai! Haka aka yi mana, ga mu nan garau."

Da ma tun ina yarinya ina fama da ƙaiƙayin fata. Ba wanda ya kawo wannan a ransa.

Jikina ya yi furu-furu, sai ya fara tsagewa. Ƙirji, wuya, hannuwa, ko'ina ruwa ke tsattsafowa. Zani ya manne, sai an jiƙa ake ɓanɓare shi. Gwaggo ta ce sanyi ne ke fita, aka ƙara itace.

Rannan Hafsa ta kama nono, azaba ta sa na ture ta. Na duba, ga jinina a bakinta. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Zazzaɓi ya rufe ni, aka ba ni gado a asibiti. Gwajin jini, ƙarin ruwa, allurai. Cuta ta shiga ta inda fatar ta tsage. Ita kuma Hafsa aka bar ta gida a kan madarar gwangwani.

Likitar fata ta ce min, "Akwai wani maiƙo a fata, seramaid sunansa. Shi ke riƙe ta, kamar laka tsakanin tubali. Naki da ma kaɗan ne, ruwan zafi da sabulu suka wanke sauran."

Bayan magunguna ta rubuta man da ke ɗauke da shi, a shafa da an fito wanka, jiki da sauran danshi. Tsada kam ba a magana, Abban Hafsa ya sha yawo kafin ya samo.

Gwaggo ce ta yi jinyata. Tana shafa min man tana kuka. Ban riƙe ta ba, abin da ta sani ta yi.

Alhamdulillahi, na tashi. Na gode wa likitoci da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Masu jego, don Allah ku sirka ruwan nan. In fata ta fara tsagewa ku tafi asibiti, kar ku ce sai an yi arba'in.

Ni fatata ta dawo, amma nono ya ƙafe. Yanzu in na kai Hafsa ƙirji, kau da kai take yi tana neman kwalba.